Yadda ake shirya yaro kafin ranar komawa makaranta

A Katsina da Daura akwai wata magana da ta zauna a bakin yara, iyaye kuma suka karɓa: "Ai makon farko ba a komai, sai shara da cire ciyawa." Da ita ake cinye mako guda, wani lokaci biyu, musamman a zangon farko na watan Satumba, lokacin da gero ya nuna kuma ake neman hannu a gona. To amma zango bai cika wuce mako 13 ba. A cire hutun tsakiyar zango, a cire makon bita da na jarrabawa, abin da ya rage na koyarwa bai fi mako 10 ba. Wanda ya makara mako biyu ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa tun bai buɗe littafi ba. A makon nan da ake rainawa ake raba wurin zama, a kwafi jadawalin darasi, makarantu da dama kuma su yi gwajin dawowa su sa makinsa cikin maki 30 ko 40 na aikin aji. Wanda ya zo a makare, bencin baya ne rabonsa.

Ku fara da barci, saura kwana bakwai. Yaron da ya saba komawa shimfiɗa bayan sallar asuba har ƙarfe tara ba zai gyaru a dare ɗaya ba. Kowace rana a matso da lokacin kwanciya da minti 20 zuwa 30, a hana komawa barci bayan asuba, a karɓe waya da an yi isha'i. Ɗan firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa sama, ɗan sakandare awa 8 zuwa 10. Gyangyaɗin da malamai ke kuka da shi a darasin farko, yawanci daga nan yake.

Kayan makaranta kuwa, a kai wa tela saura mako uku. Duk wanda ya kai ɗinki saura kwana uku, ko dai ya sha "dawo gobe", ko ya karɓi riga mai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kafin a kai yadin a jiƙa shi a shanya, domin mai auduga yana tsukewa a wankin farko. A ce wa tela ya bar lanƙwasa mai faɗin yatsa uku a ƙafar wando, ta yadda za a kwance idan yaro ya ƙara tsawo. Saiti biyu ne mafi ƙaranci, hijabi ma biyu. Launi kuma a yanko ƙyalle daga tsohuwar riga a tafi da shi kasuwa. "Shuɗi" kala-kala ne, kuma akwai makarantar da za ta maido yaro daga bakin ƙofa saboda nasa ya yi duhu. Takalmi a gwada shi da safa a ƙafa, a bar sararin babban yatsa a gaba.

Kada ku sayi littafin karatu sai takardar jerin littattafai ta zo daga makaranta, domin ana canza mawallafi ko bugu. Na hannu ba laifi, in dai an duba bugun kuma shafuka sun cika, amma wanda ake cike amsa a ciki ba ya gaduwa. Littafin rubutu mai warƙa 60 ko 80 ga lissafi, Turanci da darussan kimiyya, mai 40 ga sauran. Kowane darasi da nasa. Haɗa darasi uku a littafi guda tsimi ne da ke komawa asara, don ranar da malami ɗaya ya karɓa zai duba, sauran biyun sun tafi da shi. A yi masu bango da tsohuwar kalanda, a rubuta suna a bango da kuma shafin ciki.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatu daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole a makarantun gwamnati. Idan an nemi wani kuɗi, kamar na ƙungiyar iyaye da malamai, a tambayi na mene ne, a karɓi rasidi. A makarantar kuɗi, wanda ba zai iya biya gaba ɗaya ba ya je ya ga shugaban makaranta da kansa kafin a koma, a yi yarjejeniyar biya sau biyu ko uku a rubuce. Ya fi a kira sunan yaro a gaban 'yan ajinsu a ce ya ɗauki jaka. A biya ta asusun makaranta, a ɗauki hoton rasidin a waya.

Ga abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi har sai ya zama ciwon kai: suna. Ranar rajista kaka ce ko wani yayan yaro ke kai shi, a tambayi suna a ce "Abu", malami ya rubuta Abu Musa. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana ɗauke da Abubakar Musa. Da ya shiga sakandare sai ya ƙara sunan gari, ya zama Abubakar Musa Mashi. Haka Indo da A'isha da Aishatu, haka Muhammad da Mohammed da Muhammadu. Ba wanda zai lura sai an zo rajistar jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, ko ta shiga jami'a ta JAMB wadda tun 2021 ba ta rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A nan ne za a shiga zirga-zirgar rantsuwa a kotu da neman gyara, lokacin rajista kuma yana ƙurewa. Maganin mai sauƙi ne: ku tafi da kwafin takardar haihuwa, ku tsaya a rubuta suna harafi bayan harafi yadda yake a ciki, da ranar haihuwa. Ko yaro ya daɗe a makarantar, a nemi malamin aji ya buɗe rajista a duba, musamman ga mai shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare ko na babba.

Ɗan makarantar kwana nasa shirin daban ne. Akwatin ƙarfe da kwaɗo mai makulli uku: ɗaya a wuyansa, ɗaya wurin malamin ɗakin kwana, ɗaya a gida. Bokiti, kwano, cokali, tocila, zanen gado biyu, duk a rubuta suna da fenti, ba da biro ba. Garin kwaki mudu biyu zuwa uku, ƙuli-ƙuli, sukari, madara da yaji, kowane a robarsa mai murfi. Kada sabulu da omo su kwana akwati ɗaya da gari. Ƙamshin yana shiga, ba kuma ya fita. Gidan sauro dole ne a zangon farko, tunda ƙarshen damina ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Idan sabo ne mai magani, a baza shi a inuwa kwana guda kafin a naɗe, in ba haka ba zai sa ƙaiƙayin fuska da ido. Zango na biyu kuwa hunturu ne: rigar sanyi, bargo da man shafawa mai kauri. Yaro mai sikila ko asma, a rubuta ciwon da sunan maganinsa a takarda a miƙa wa malami hannu da hannu. Yara kan ɓoye don kunya har sai ciwo ya tashi da tsakar dare. Waya a bar ta a gida. Yawancin makarantun kwana ƙwacewa suke yi.

Ga 'yan jeka-ka-dawo, a zauna a raba yinin tun yanzu. An tashi daga boko wajen ƙarfe biyu, Islamiyya bayan la'asar har kusan magariba, to yaushe za a yi aikin gida? In ba a ware masa lokaci ba, tsakanin magariba da isha'i ko minti 40 bayan isha'i, a bakin ƙofar aji za a kwafe shi daga littafin wani. A yi ciniki da mai Napep tun kafin ranar, a kuma san mutum nawa yake ɗauka. Karin kumallo ko koko da ƙosai ne, a ci kafin a fita.

Idan an shiga mako na uku, ku karɓi jaka ku buɗe littattafan rubutu ɗaya bayan ɗaya. Ko ba ku iya karanta Turanci ba, kwanan wata da jan biron malami ba sa ɓuya. Darasin da ba a rubuta komai a cikinsa ba, ko dai babu malami, ko yaron ba ya zama aji. Ku je ku tambaya a makon, kada ku jira katin sakamako. Idan kuma rubutun cike yake da kalmomin da aka kwafa ba daidai ba, ko yaro na yawan kukan ciwon kai yana ƙanƙance ido in zai kalli nesa, kafin a kira shi daƙiƙi a roƙi malami ya maido shi bencin gaba, a kuma kai shi asibiti a gwada idonsa.