Shawara ga masu neman digiri na biyu a fannin binciken cututtuka

Assalamu alaikum. Ga ƙannenmu na Aboabo da Asawase a Kumasi da suka kammala digiri na farko, kuma suke da niyyar ci gaba da karatu a fannin binciken cututtuka a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST), shawarata ita ce kafin ku sayi fom, ku fara neman malamin da zai duba aikin bincikenku. Digirin MPhil, wato digiri na biyu na bincike, yawanci shekara 2 ne, kuma mafi yawan shekara ta biyu a ɗakin gwaje-gwaje take ƙarewa, saboda haka malamin da yake da tallafin bincike da sinadarai a hannu shi ne zai taimaka muku ku gama a kan lokaci.

Ku duba cibiyar binciken cututtuka ta KCCR da ke harabar jami'ar, inda ake bincike a kan zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da gyambon Buruli. Ku karanta maƙalar malamin da kyau, sannan ku rubuta masa gajeriyar wasiƙa, ku faɗi abin da hannunku ya iya: shafa jini a gilashi, rina shi da sinadarin Giemsa, da ƙirga ƙwayoyin cuta a madubin likita. A ganina wannan ya fi dogon yabon kai tasiri nesa ba kusa ba.

Wanda bai yi bautar ƙasa ba tukuna, ya yi ƙoƙari a tura shi ɗakin gwaje-gwaje, domin daga can ne ake samun wasiƙar shaida mai nauyi. Takardar sakamakon jarrabawa kuwa, a nemi ta da wuri, domin fitowarta takan ɗauki lokaci.