Targaɗe a filin ƙwallo: inda muke ɓata wa jiki aikinsa

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filayen unguwa a Gombe, ko Pantami ko Jekadafari, ya san yadda ake yi. Yaro ya gurɗe a idon sawu, wani ya danne masa cinya, wani ya fizgi ƙafar sai ta yi ƙara. A gida a gasa da ruwan zafi, a mulke da man zafi. Gari na wayewa ƙafa ta yi suntum.

Targaɗe yagewa ce a jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. A kwana 2 zuwa 3 na farko, ƙananan hanyoyin jinin da suka fashe suna tsiyaya a ciki, jiki kuma yana turo ƙwayoyin da ke kwashe abin da ya lalace. Kumburin ke nan. Zafi yana ƙara buɗe hanyoyin jinin, murza kuma tana fama yagewar. Abin yi shi ne a naɗe ƙanƙara a tsumma (ledar fiya wata da ta daskare ma ta isa), a ɗora minti 15 zuwa 20, a sa bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar kan matashi. Gashi sai bayan kwana 3.

Kuskuren da ya fi cin 'yan wasa kuwa gaggawa ce. A sayo diclofenac a kemis, zogi ya lafa, mako guda an ɗaura but. Alhali a lokacin jiki bai daɗe da fara saƙa sabon zare ba, wanda likitoci ke kira kolajin. Saƙar farko a hargitse take, sai an yi makonni, wani lokaci watanni, kafin ta daidaita ta yi ƙwari. Jijiya kuma ba ta samun jini kamar tsoka, shi ya sa take nawa. Kafin ka koma fili, gwada tsalle da ƙafar ita kaɗai. In ka cije leɓe, da saura.

Kwanciya har mako biyu ma ɓarna ce, gaɓa takan sage. Da zogi ya ragu, a fara juya ƙafar, ana takawa a hankali.

Sai ɗori. Wanda ya kasa yin taku 4, ko yake jin zafin a kan ƙashi in an danna, hoto yake buƙata tukuna, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko wani mai na'urar. In kuwa an riga an ɗaure, yatsu suka yi sanyi, suka mutu ko suka fara baƙi, jini ne ya tsaya. A kwance ɗaurin nan take, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.