Fedar keke mai kama takalmi: kurakuran da na gaji da gani

Kowane sabon shiga sai ya maimaita ɓarnar waɗanda suka riga shi, har bakina ya gaji da faɗa.

Fedar hagu zarenta a juye yake. Ta dama ana ɗaure ta kamar kowane noti, amma ta hagu inda ka saba ɗaurewa nan ne kwancewa, kuma an yi ta haka ne don kada tuƙi ya riƙa sassauta ta. Wani da na ara wa kekena ya ɗora mata sifana mai lamba 15 yana ta takawa da ƙafa wai ta ƙi fita, alhali ƙara ɗaure ta yake yi. Da ya zo mayarwa kuma ya sa ta a karkace, ya cinye zaren sandar fedar, wadda alminiyon ce, sai da na sayi sabuwa. Haba malam, akwai L da R a jikin kowace feda, duba mana! Ni da yatsu nake fara ɗaurawa bayan na shafa giris. In ta cije tun farko to a karkace take, kwance ka sake.

Wanda ya fi haɗari shi ne sakaci da ɗan ƙarfen ƙasan takalmi, wanda ke shiga cikin feda ya maƙale. Samfurin SPD da kamfanin Shimano ya fitar a 1990 kusoshi biyu kacal ke riƙe shi. Ɗaya ta sassauta ko ta faɗi, ka murɗa diddige takalmi ya juya, ƙarfen yana nan daram a cikin feda, kai kuma sai ƙasa a tsakiyar motoci. Duk sati nake bin nawa da alanki, ko da wasu sun ce na cika tsoro. Kafin in canza wanda ya ci, sai na zana gefensa a jikin takalmin don sabon ya zauna daidai wurin, in ba haka ba gwiwa ce za ta biya.

Sabon shiga ya mayar da sukurun sifirin, wanda ke saita ƙarfin kamun fedar, zuwa alamar ragewa, fuska biyu na kowace feda, ba ɗaya ba.

Na SPD-SL, wani samfurin na Shimano, fara da maƙalin ƙasan takalmi mai launin rawaya da ke barin ƙafa ta ɗan motsa digiri 6. Ja ba ya motsi ko kaɗan.

Ƙarar feda na damun ka? Wanke laka, ɗiga mai kaɗan a sifirin, kar ka malala shi ya tara yashi.