Karatun nas a Saudiyya: yadda za ki bi shi tun daga aji har imtiyaz

Wannan rubutun na ƙannena ne ƴan mata da suka gama sanawiyya, wato sakandare, a Makka da Jidda da Madina suna tunanin shiga tamrid, wato karatun nas, da waɗanda suka riga suka shiga littattafai na neman danne su. Maza ma ku karanta dan Allah, ɓangaren maza na asibiti kullum cikin neman ma'aikatan jinya maza yake, kawai zan riƙa cewa "ke" ne saboda yawancin masu tambayata mata ne.

Abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne hadda kaɗai ba za ta fitar da ke ba. Mu nan mun saba tun muna yara, a haddace a zuba a takarda a kwashi maki, toh a tamrid wannan dabarar iyakarta shekara ta biyu, daga nan hannunki ake kallo da lissafinki da yadda idonki ke lura da mara lafiya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa kan wannan ya ginu.

Tsarin dai shekara 4 ne na karatu sai shekara 1 ta imtiyaz, wato horon aiki a asibiti. Ana shiga ne da sakamakon sanawiyya na ɓangaren kimiyya haɗe da jarabawar Qudurat da Tahsili, kuma kowace jami'a da irin kason da take ba kowanne, saboda haka ki duba shafinsu da kanki kar ki dogara da abin da ƙawa ta faɗa bara. Akwai kulliyar tamrid a Ummul Ƙura a Makka, da jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da Ɗaiba a Madina, da Sarki Sa'ud a Riyad, da jami'ar kiwon lafiya ta Sarki Sa'ud bin Abdul'aziz wadda ke ƙarƙashin Haras Waɗani, wato rundunar tsaron ƙasa. Mai jinsiyya, wato ƴar ƙasa, hanyarta ta fi sauƙi. Ke mai iƙama kuwa, wato takardar zama ta baƙi, galibi kulliyoyin kuɗi ne a gabanki, irin Fakeeh da Batterjee a Jidda, kuma kuɗin ba kaɗan bane, sai a zauna da iyaye a yi lissafin shekarun duka tun kafin a biya na farko. Ko ina za ki shiga ki tabbatar Hai'a, wato hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya ta ƙasar nan, ta yarda da shahadarsu. Sannan in da hali ki nemi digiri, dan mai digiri ana rubuta ta akhissa'iya ne, wato ƙwararriya, mai difloma kuma fanniya, matakin da ke ƙasa da wancan, bambancin yana fitowa a albashi da ƙarin girma, kuma mai difloma sai ta koma ta yi tajsir, wato karatun cike giɓi zuwa digiri, in tana son ta kamo.

Turanci shi ne bango na farko. Laccar da Turanci, littafi da Turanci, jarabawa da Turanci, kuma in kin shiga asibiti za ki tarar da nas-nas ƴan Filifin da Indiya waɗanda da shi za ku yi aiki, fayil ɗin mara lafiya ma da shi ake rubutawa. Na ga yara masu ƙoƙari sosai sun durƙushe saboda sun dogara da mulakhkhas, wato taƙaitaccen darasi, na Larabci da ake turawa a guruf na WhatsApp, sun gane darasin amma ranar jarabawa tambayar ce ba su gane ba. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kalmomin likitanci kullum ko da goma ne, ki furta su da baki da ƙarfi, in kin kalli bidiyon darasi a YouTube ki kalla da Turancin ko da sai kin maimaita. Larabcin ki bar shi na ƙarin haske kawai.

Shekarun farko za ki sha anatomi da fisiyoloji da maikrobayoloji da famakoloji da tushen aikin jinya. Fisiyoloji ce uwa a wurina, wadda ta gane yadda zuciya ke tura jini da yadda ƙoda ke tace shi ba za ta sha wahalar gane dalilin da ya sa ƙafar mai ciwon zuciya ke kumbura ba, ko me ya sa ake duba fotasiyam ɗin wanda aka ba maganin sa fitsari. Sai ɗakin gwaji inda ake koyo a jikin mutum-mutumin roba, allura da sa robar fitsari da wanke ciwo da juya mara lafiya a gado. Kar ki zama mai tsayawa a baya tana kallo tana ɗaukar bidiyo, ki miƙa hannu ki yi ki ɓata a gyara miki, gara ki ɓata a jikin roba. Jarabawar OSCE, wato ta gwada aiki da hannu, tasha-tasha ce, kowace tasha ƴan mintina, malama na tsaye da takarda tana duba kowane mataki, kuma makin da ake zubarwa a banza shi ne na wanke hannu da gabatar da kai da tabbatar da sunan mara lafiya da jan labule. Ki saba faɗin abin da kike yi da baki tun a gida, ki gwada awon jini a hannun mama da inna har kunnenki ya saba da sautin.

Akwai lambobin da dole su zauna a kanki, waɗannan kam haddarsu wajibi ce. Bugun zuciyar babban mutum 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen 36.5 zuwa 37.5, iskar oksijin 95 zuwa sama, awon jini kusa da 120 bisa 80. Amma ki sani na yara daban ne, jariri bugunsa ya fi haka nesa kuma lafiyarsa ƙalau. Numfashi kuma ki ƙirga shi da gaske, ɗalibai da yawa rubuta 18 kawai suke yi su wuce, alhali sau da yawa shi ne ke fara canzawa in jiki zai rikice.

Yanzu lissafin magani, nan nake so ki tsaya sosai dan nan ne kuskure ke kashe mutum. Ƙa'idar ɗaya ce, abin da likita ya rubuta ki raba da abin da ke hannunki ki ninka da yawan ruwan. Misali an rubuta wa yaro miligiram 250, kwalbar kuma ta ce miligiram 125 a cikin mil 5, toh 250 raba 125 ya ba da 2, ninka 5, mil 10 kenan za ki ba shi. Ƙarin ruwa kuma, an ce mil 1000 cikin awa 8, raba ki samu mil 125 a awa, in babu na'ura kuma robar da ke hannunki mai ɗigo 20 ce a mil ɗaya sai ki ninka 125 da 20 ki raba da 60, kusan ɗigo 42 a minti. Abin da sauƙi a takarda, wahalar tana wajen canza giram zuwa miligiram zuwa maikrogiram, kowanne tsakaninsa da na gaba 1000 ne, ɗigon lamba ɗaya ya goce kin ba mutum ninki goma. Ki riƙa yin tambaya biyar kullum har ta zama jiki, kuma bayan kin samu amsa ki tambayi kanki ko ta yi kama da hankali, in lissafi ya ce ki ba jariri ƙwaya takwas ai kin san akwai matsala. Kafin kowane magani a duba abu biyar, mara lafiyar daidai, maganin daidai, adadi daidai, hanya daidai, lokaci daidai, a tambaye shi sunansa a duba lambar fayil a abin hannunsa, lambar gado ba shaida bace dan ana canza gado. Insulin da hefarin da fotasiyam mutum biyu ke dubawa, fotasiyam kuma har abada ba a tura shi kai tsaye a jijiya, sai an tsarma shi an ba shi a hankali. Ɗaliba ba ta ba da magani ita kaɗai, ko wa ya ce ki yi ki ce sai malamata ko nas ɗin ɗakin na tsaye.

Kafin a tura ku tadrib, wato koyon aiki a asibiti, ki kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 ce kuma tana ɗaukar watanni shida, dan haka kar ki bari sai an matsa. Ki yi kwas ɗin farfaɗo da zuciya, danna ƙirji 30 hura iska 2, saurin 100 zuwa 120 a minti, katin yana aiki shekara 2. Ki sayi takalmi rufaffe mai taushi ko da tsada, tsayuwa ce ba ta wasa ba.

Za a zagaya da ku ɗakin manya na ciwon ciki da tiyata, ɗakin haihuwa, na yara, na masu ciwon ƙwaƙwalwa, markaz sihhi, wato ƙaramin asibitin unguwa, sai inaya, ɗakin masu tsananin ciwo, da ɗawari, ɗakin gaggawa, a ƙarshe. Ki iso kafin lokacin taslim, lokacin da masu dare ke miƙa wa masu safe marasa lafiya, dan wanda ya rasa taslim ranar nan duk a duhu zai yi ta. Nas ɗin da aka haɗa ki da ita aiki ya mata yawa, ba za ta bi ki tana roƙo ki koya ba, amma in ta ga kina gyara gado da ita kina taya ta juya tsohuwa kina ɗaukar awo ba a ce miki ba, wallahi da kanta za ta kira ki ranar da za a sa kanula, ƴar robar da ake sawa a jijiya. Kuma kalmar "ban iya ba, nuna min" ba abin kunya bace, wadda ake tsoro a asibiti ita ce mai cewa ta iya alhali ba ta iya ba. Hannu a goge da sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30, in da datti a wanke da sabulu 40 zuwa 60, kafin taɓa mara lafiya da bayan taɓa shi, safar hannu ba ta ɗauke miki wannan. Ƙasar nan aka fara gano cutar MERS a 2012, ga kuma baƙi daga kowace kusurwar duniya, saboda haka maganar takunkumi da keɓe mai tari ba a wasa da ita. Allura in kin gama kar ki mayar mata da murfi, jefa ta a akwatin zubar da allurai nan take, in kuma ta soke ki wanke wurin ki kai rahoto a take kar tsoron faɗa ya sa ki ɓoye, maganin kariya yana da lokaci.

Sai maganar sirri, wadda mu ta fi shafa. Jama'armu a Makka da Jidda kowa ya san kowa, yau za ki ga ƴar maƙwabta a ɗakin haihuwa gobe ki ga surukin ƙawarki a ɗakin masu ciwon ƙwaƙwalwa. Abin da kika gani a can ya mutu a can, ko mama ce ta tambaya ki ce aiki ne ba a faɗa. Hoto da Snapchat a cikin ɗakin marasa lafiya kuwa na iya raba ki da karatun gaba ɗaya.

Hausarki kuma ki riƙe ta da daraja. Lokacin Hajji da Umra asibitocin Makka da Madina na cika da mutanenmu daga Najeriya da Nijar da Gana, tsoho kwance zafin rana ya buge shi ba ya jin Larabci ba ya jin Turanci, kina cewa "sannu Baba, ina ke maka ciwo" za ki ga jikinsa ya saki. Ke ce za ki gano cewa yana shan maganin hawan jini ya bar shi a masauki kwana uku, ko Hajiya mai ciwon suga tana azumi ba ta faɗa ba, ko akwai jiƙo da sassaƙe da ake sha a ɓoye ƙarƙashin filo. Ki tambaya cikin ladabi ba da tsawa ba. In an sa ki tafinta ki faɗi abin da likita ya ce daidai, kar ki rage dan tausayi kar ki ƙara naki, abin da ba ki gane ba ki sake tambaya.

Tsarin kula da mara lafiya da za a riƙa sa ku rubutawa, dubawa da gano matsala da shiri da aiwatarwa da sake aunawa, yana da gajiyarwa na sani, amma ki rubuta shi a kan mara lafiyar da kika gani da idonki kar ki kwafo na intanet, malamai suna ganewa, kuma irin tunanin ne jarabawar Hai'a ke nema.

Ta ɓangaren gida, har yanzu akwai iyayen da ke jin nauyin aikin dare da cuɗanya da maza. Ki zauna da su tun wuri ki nuna musu jadawalin, a shirya wanda zai kai ki ya ɗauko ki, dan a asibitoci da yawa dawam, wato lokacin aiki, awa 12 ne. In an ce aikin ba na ƴar mutunci bane ki tuna musu Rufaida Al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) tana jinyar masu rauni, wurinta aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Shekarar imtiyaz ki ɗauke ta kamar kin fara aiki, fashi ana rama shi kuma takardar taƙyim, wato ta auna ƙwazonki, ta kowane sashe tana bin ki. A cikinta za ki iya zama jarabawar lasisi ta Hai'a, wato SNLE, tambayoyin zaɓi ne a kwamfuta a cibiyar Prometric, kuma yawancinsu labari ake ba ki na mara lafiya a ce me za ki fara yi, toh ki riƙa tuna hanyar iska tukuna sai numfashi sai zagayen jini. Ki fara bita tun watannin farko na imtiyaz lokacin darussan ba su huce ba, ki buɗe asusunki a Mumaris Plus, shafin rajista na Hai'a, da wuri, kuma ki duba cewa sunanki a shahada da iƙama ko katin ɗan ƙasa da fasfo rubutu ɗaya ne da Turanci, dan harafi ɗaya in ya saɓa zai iya riƙe miki takardu. Wadda kuma ke da niyyar komawa Najeriya ta yi aiki, ta adana takardar sakamakon kowane zango da ta awannin tadrib, hukumar nas da ungozoma ta can za ta neme su kafin ta yi mata rajista.