Yadda furodak ona zai shiga mitin ɗin tsara sifirin a shirye

In dai kai ne furodak ona, wato mai yanke wa tim abin da za a fara ginawa da abin da zai jira, to aikinka ba ranar mitin ɗin tsara sifirin (zangon aikin tim da bai wuce wata guda ba) yake farawa ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana uku ko huɗu kafin nan ka buɗe baklog ɗinka, wato jerin ayyukan da ke jiran a yi su, ko a Jira yake ko Trello ko ma 'yan takardu ne manne a bango, ka tabbata abubuwan da ke sama kun riga kun zauna da tim kun tattauna su. Kar ka rubuta "gyara shafin shiga" ka kama gabanka. Rubuta cewa wanda ya manta fasuwod zai nemi sabo ta imel, linkin da za a tura masa ya daina aiki bayan awa ɗaya, in kuma ya sa imel ɗin da babu shi a sistem ga saƙon da zai gani. Da wannan ne mai gwaji zai san an gama ko ba a gama ba.

Sai jeri. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa wallahi, ka ga mutum ya zo da abu takwas duk ya yi musu jan tambari wai duka na gaggawa ne. Na ɗaya guda ɗaya ne. 'Yan talla za su ja, oga zai ja, kwastoma ma na can yana kira, kai za ka saurari kowa ka yanke, shi ya sa aka ce furodak ona mutum ɗaya ne ba kwamiti ba.

A cikin mitin ɗin kansa, Scrum Guide na 2020, littafin ƙa'idojin wannan tsarin aiki na sifirin, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta ya ajiye tambaya uku: me ya sa wannan sifirin yake da amfani, me za a iya gamawa a ciki, ta yaya za a yi shi. Iyakar lokacin awa 8 ne in sifirin na wata guda ne, na sati biyu kuwa yawanci bai wuce rabin haka. Tambaya ta farko kai za ka buɗe ta. Ka zo da jimla ɗaya, kamar "a ƙarshen sati biyun nan duk wanda ya manta fasuwod zai koma akawun ɗinsa ba sai ya kira mu ba", sai tim ta gyara ta tare da kai ta zama burin sifirin. In ka ga ka jera "da kuma" har sau uku a ciki to ba buri ba ne, jerin aiki ne.

Ta biyu da ta uku fa ba naka ba ne, kuma nan ne haƙuri yake. Dibelofas, wato masu gina abin, su suke ɗibar abin da za su iya, su suke kimanta nauyinsa. Za ka ga an ɗaga kati mai lambar da ke nuna nauyin aikin, wannan ya ɗaga 3 wancan ya ɗaga 13, bakinka na ƙaiƙayi ka ce ai ɗan ƙaramin abu ne. Yi shiru. Ni na taɓa faɗin haka, a wani wajen da na yi aiki, wanda ya ɗaga 13 ɗin yaro ne sabon zuwa sai ya sauke katinsa bai ce komai ba, ashe shi kaɗai ya lura tsohon sistem ɗin tura imel ɗin bai san linkin da ke mutuwa ba sam, sai da muka ci sifirin biyu a kan abin da na kira ƙarami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya kamata in tambaya kawai shi ne, me ka hango da mu ba mu gani ba?

In suka ce kayan sun yi yawa kar ka fara ciniki kan lamba, rage kayan. A yi na imel yanzu, na saƙon tes ta waya ya jira sifirin mai zuwa. Ka kuma tambayi wa zai tafi hutu, wa ke riƙe da gyaran matsalolin da ke tasowa, don aikin da aka gama a sifirin ɗin baya da mutum shida ba zai yiwu da huɗu ba.

Bayan an tashi kar ka ɓace, tambayoyi za su taso rana ta biyu ma, amsar da ta kwana uku tana tsayar da mutum cak. Kuma oga zai zo ranar Laraba da sabon abu, zai zo ɗin. Sa shi a baklog ka nuna masa inda ya faɗa a jeri. In da gaske ba zai jira ba ka koma wajen dibelofas ku ga me za a cire a madadinsa ba tare da an taɓa burin ba. Soke sifirin gaba ɗaya kai kaɗai ke da wannan ikon, shi ma sai in burin ya tashi daga aiki.