In filtar makaranta ta toshe maka Google Docs, ga yadda za ka bi

Malami ya shiga ɗakin kwamfuta zai buɗe Google Docs su haɗa tambayoyin jarabawa da abokin aikinsa, sai kawai allo ya nuna masa wai an hana shiga shafin. Nan take sai ran mutum ya ɓaci yana ganin kamar da shi ake, alhali yawanci ba wanda ya zauna ya ce a hana malamai. Ita filta, wato manhajar da ke tace shafukan intanet, rukuni-rukuni take rufewa, an ce mata ta toshe shafukan ajiye fayil da na sada zumunta saboda yara, shi kenan sai Google Drive da Padlet (allon intanet da ake liƙa rubutu da hotuna) su bi sahu, laifin wani ya shafi wani.

Kafin ka je wajen kowa fara tabbatarwa filtar ce. Kunna hotsfot na wayarka ka gwada shafin da datarka, in ya buɗe to matsalar daga waifai ɗin makaranta take. Sai ka koma waifai ɗin makaranta ka ɗauki hoton allon da ya hana ka, don galibi a nan ake rubuta rukunin da aka saka shafin, kuma shi mai kula da kwamfutocin wannan yake son gani.

To a nan ne mutane ke kuskure. Sai ka ji malami ya ce dan Allah a buɗe mana Google, a buɗe masa docs.google.com kaɗai, gobe ya dawo yana cewa abin bai yi ba. Ai ba zai yi ba! Shiga akawun ta accounts.google.com take bi, fayiloli na drive.google.com, hotuna da sauran tarkacen shafin kuma daga googleusercontent.com da gstatic.com suke zuwa, in ɗaya na rufe sai ka ga shafi ya tsaya fari fat yana ta juyi. Rubuta su duka a takarda ka miƙa wa mai kula da kwamfutocin. In kuma Google Meet ne ke yankewa, murya na sarƙewa, ce masa ya duba ƙofofin UDP 3478 da 19302 zuwa 19309, shi ya san abin da kake nufi ko kai ba ka sani ba.

Amma ni a ganina gyaran gaske shi ne a raba waifai biyu, na ɗalibai daban na malamai daban, kowa da tasa dokar. Wannan sai da yardar shugaban makaranta, kuma in ya fara ɗari-ɗari ka tuna masa ko a Amurka da suka yi dokar CIPA a 2000, wadda ta tilasta wa makarantun da ke karɓar rangwamen kuɗin intanet na gwamnati saka filta, dokar ta yarda a cire wa babba ita in aikin bincike ne ko wani aiki na halal.

VPN kuwa, wato manhajar da ake zagaye filta da ita, na san shi ne zai fara faɗo maka a rai, ka bar shi wallahi. Yau ka saka a kwamfutar ajin, gobe ɗan JSS 2 ya gano yadda ake kunnawa, in magana ta tashi sunanka za a fara kira. Lambar sirrin waifai ɗin malamai ma kar a rubuta ta a allo, kuma a riƙa canza ta duk zangon karatu.