Yadda Ake Sayar da Manhajar Kyauta Ba Tare da An Taka Doka Ba

Mutum ya sauke manhaja irin su VLC ko GIMP ko LibreOffice a kyauta, ya ɗora a shafinsa ko ya zuba a filashi, ya yanka farashi. Doka ta yarda? Ta yarda, amma da sharuɗɗa. Shi kansa Richard Stallman, wanda ya rubuta GPL a 1989 (lasisin da ya ba kowa izinin kwafa da gyara manhaja), ya taɓa sayar da manhajarsa ta rubutu mai suna Emacs a kan kaset, kowane dala 150. Ga yadda za ka bi.

1. Fara karanta lasisin. Nemi fayil mai suna LICENSE ko COPYING a cikin manhajar. In ka ga GPL, MIT, BSD ko Apache, kana da izinin sayarwa. Nan ne mutane ke tuntuɓe, don ba kowace manhajar kyauta ce buɗaɗɗiya ba, wato wadda aka yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. WhatsApp da Adobe Acrobat Reader ba a biyan ko sisi, amma ba a ba ka damar kasuwanci da su ba.

2. Cika sharaɗin da ke ciki. MIT da BSD masu sauƙin kai ne: kada ka goge sunayen masu haƙƙin mallaka da rubutun lasisin, shi ke nan. GPL kuwa ta fi tsauri. Dole ne mai saye ya samu rubutun tushe, wato asalin kod ɗin da aka gina manhajar da shi, har da duk gyaran da ka yi. Kuma ba ka da ikon hana shi kwafa ya raba wa duk unguwa. Kada ka ɗauka abin wasa ne: a 2009 an maka kamfanoni 14 a kotu a Amurka, ciki har da Samsung da Best Buy, saboda sun sa BusyBox, wata manhaja mai lasisin GPL, a kayansu ba su cika sharaɗin ba.

3. Kula da suna da tambari. Lasisi ya ba ka manhajar, bai ba ka sunan ba. Saɓani kan tambari ne ya sa Debian, ƙungiyar da ke rarraba manhajoji buɗaɗɗu, ta koma kiran manhajar shiga intanet ta Firefox da Iceweasel daga 2006 har 2016. In ka yi gyara mai yawa, raɗa mata wani suna.

4. Faɗi gaskiya a tallarka. Kada ka ce kai ka ƙirƙira. Ni a ganina ma ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ana samunta kyauta, don ɓoyewar ce ke mayar da ciniki yaudara. Duba kuma ƙa'idojin shafin da za ka sayar, kowanne da nasa.

5. Sa farashi a kan wahalarka. Kwafin da kowa zai iya saukewa ba ya tsada. Abin da ake biya shi ne ka sauke wa wanda ba shi da data, ka saka masa, ka koya masa, in ta lalace ka gyara. Da irin wannan hidimar kamfanin manhaja na Red Hat ya girma, har kamfanin IBM ya saye shi dala biliyan 34 a 2019.